Ɗan Aiken Tumbi

Zuwa ga 'yata, 'Yar Lukuti,

Assalamu alaikum. A shekarar da gada ta karye aka haife ki, shekarar da muka yi kwana arba'in motar shanu ba ta ƙetaro ba, mahauta ta bushe har ƙudaje suka yi ƙaura. Shekara arba'in da huɗu ke nan, ko da yake uwarki, ƙanwata, Allah Ya jiƙanta, ta rayu tana rage biyu. Na fara da wannan ne don ki san mai yi miki magana ya san ki tun kina cikin tsumma, saboda haka kada ki yi mini amsar asibiti.

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yaran. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da kunnena na dama. Ni nake faɗa, Tela ke rubutawa, ina zaune a kan bencin shagonsa. Ya ce me zai hana in kira ki a waya. Na ce maganar waya iska ce, ni ina son abin da zan sa a karanta mini sau uku.

Ga dalilin wasiƙar. Taubashinki, ɗana Direba, ciwon suga ya sa shi gaba. Jikinsa kin san shi, yanzu sai ya huta sau biyu kafin ya hau gaban mota, idonsa kuma ya fara hazo. Masu motar sun ce in bai gyaru ba za su karɓi makulli. Likitansa ya ce a yi masa irin aikin da aka yi miki wata shida da suka wuce, a rage masa tumbi. Ya ba shi wata uku ya kawo amsa. Shi kuwa ya ce ba zai sa hannu ba sai na ce to. Ban ce ba.

Shekara hamsin na yi ina fawa. Tumbin da hannun nan ya buɗe, Allah kaɗai Ya san yawansa. Tumbi jaka ne. In ya cika dabba ta kwanta, in ya yi wayam ta tashi nema. To a nawa hankalin, ƙaramar jaka ta fi saurin ƙarewa, don haka wanda aka rage wa tumbi ya kamata ya fi kowa yunwa. Amma matar Direba ta ce kin gaya mata ko kaɗan ba kya jin yunwa. Ke! Ke da kike wuni a gidan burodi! Abin bai shiga kaina ba. Mu a gidanmu, duk wanda ya daina neman abinci mun san inda ya dosa. Kakanki kwana tara ya yi bai nema ba. Uwarki sha ɗaya.

Ki gaya mini gaskiya, yunwar ina ta tafi, kuma wa ya ɗauke ta? Ba zan ba da ɗana a sa masa wuƙa a kan abin da ban gane ba.

Kawunki Mahauci

*

Kawu,

Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sassauta gwiwa. Kunnen dama kuwa, tun ina yarinya na lura abin da ba ya so ne kawai ba ya ji. Muna lafiya, maigidan yana gaisuwa. A gaida Tela da aiki.

Kawu, ba inda na dosa. Ƙarfe biyar na safe nake shiga aiki, in ɗaga tire talatin kafin a buɗe ƙofa, in hau benen gidanmu ba hutu. 'Yar Lukutin ma ta kusa zama sunan aro.

Irin tambayarka na yi wa ma'aikaciyar jinyar da ke duba mu duk wata. Ta ce tumbi ba jaka ba ne kawai, yana da baki. A samansa, wajen da ya yi tulu, akwai inda ake haɗa wani sinadari, su suna ce masa girelin. In lokacin ci ya gabato sai ya shiga jini ya tafi ƙwaƙwalwa ya ce mata a nemo abinci. Saƙon nan shi muke ji mu ce yunwa. Wajen da likita ya yanke ya fitar, nan ne aka fi yin sa. Ka ga ba jakar kawai aka rage ba, har mai kiran aka rage.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ka san injin niƙan da ke bayan gidanmu na da, wanda ba ka sanin yana ƙara sai an kashe shi? Haka na ji. Tun ina ƙarama akwai mai yi mini magana a kai. Ina cin na safe yana tambayar na rana. Ina tsammanin halina ne, tunda kowa haka ya ce, har da kai. Da na farfaɗo daga aikin nan sai na ji tsit. Yanzu burodi yana fitowa daga tanderu da zafinsa, in ji ƙanshin, in ce madalla, in wuce. Agogo na sa a waya yana tuna mini in ci.

Kada ka ce na ɓoye maka wuyar. Wata guda na yi a kan abu mai ruwa-ruwa. Ƙwai ɗaya yakan ƙosar da ni, in na ƙara loma don kwaɗayin baki sai amai. Gashina ya zube kafin ya dawo. Akwai ƙwayoyin ƙarin jini da zan sha har ƙarshen raina. Wata da aka yi mana rana ɗaya, ɗinkinta ya yi yoyo, sai da ta koma gado mako uku.

Ka ce wa taubashina bawana ne har gobe, kuma ya daina ɓoye kwalbar lemo a ƙarƙashin kujerar mota.

'Yarka

*

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa. Gwiwa da sauƙi. Maganar kunne kuwa ban ji ta ba.

Sau huɗu aka karanta mini. Wannan suna da kika faɗa, Tela ya karanta shi iri uku, kowanne kamar sunan maganin ɓera. Ni na raɗa masa Ɗan Aike, da shi za mu riƙa kiransa.

Jiya na je mahauta, rabona da ita shekara shida. Na sa wani da na koya wa riƙon wuƙa ya ware mini tumbin rago da ɗuminsa. Na wanke, na juya cikinsa waje, na shimfiɗa a kan tebur, na ari tabarau na Tela. Na bi saƙo-saƙo da yatsa, har ɗan ƙaramin na ƙarshe da ke manne da hanji. Ba ɗaki, ba ƙofa, ba ɗan aike. Mahauta suka kewaye ni suna cewa tsoho ya fara ruɗewa, wai zobe na jefar. Na ce musu yunwa nake nema. Wani ya ce in jira azahar za ta zo da kanta.

Duk da haka ban ƙaryata ki ba, don na tuna wani abu. Lokacin da aka yi fari shekara biyu a jere, na ga mutane cikinsu wayam kwana da kwanaki, ka miƙa musu abinci su kau da kai. Na kuma ga kakarki ta wajen uba ta tashi daga kan kwano uku tana tambayar ko da saura. Da jaka ce kawai, da ba a yi haka ba. Wannan ya daɗe yana cina, ban taɓa samun wanda zan tambaya ba.

Saura biyu. Na ɗaya, in an kori mai cewa a ci, wa ke cewa ya isa? Na biyu, ina ruwan tumbi da suga? Direba suga ke cinsa, ba yunwa ba. Shekaranjiya ya taka ƙusa a gareji bai ji ba, sai da matarsa ta ga jini a takalmi. Da haka kakanki ya fara, ƙafar ba ta kai shekara ba.

Wata ɗaya ya tafi cikin ukun. Ki amsa da wuri.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. A tsaye nake rubutu, abokiyar aikina ta yi tafiya, tanderu biyu duk a kaina.

Na yi dariya har mai gidan burodin ya leƙo. Ɗan Aike ba ya ganuwa, Kawu. Kamar gishiri ne a ruwa, sai an gwada jini. Kuma tumbin rago kashi huɗu ne, namu ɗaya.

Mai cewa ya isa a hanji yake. Hanji ma yana da nasa 'yan aiken. Abinci na isa can sai su tafi ƙwaƙwalwa su ce a tsaya. Tunda tumbina ya zama siriri, abinci ba ya daɗewa a ciki, da wuri yake isa hanji, su kuma su tashi da ƙarfinsu. Shi ya sa loma biyar take yi mini kamar kwano. Ɗaya daga cikinsu kuma yana da aiki na biyu, shi ke taɓa abin da ke sauke suga a jini. Akwai wani a cikinmu da sugansa ya fara sauka tun bai bar asibiti ba, tun jikinsa bai ragu ko kaɗan ba. Ba kowa ke dacewa haka ba, amma da yawa suna samun sauƙi.

Ƙafar nan kada a yi wasa da ita, a kai a duba yau.

Af, ga labari. Cikin nan nawa ya cika wata bakwai, kuma shekaranjiya ya motsa a karon farko, ina tsaye gaban tanderu. Har ƙwalla na yi. Zan ba ka bayani in na samu sarari.

'Yarka

*

'Yata,

Gaisuwa, da barka, da kuma faɗa. Ban san wanda zan fara ba.

Barka dai. Allah Ya raba lafiya. Autanki yana shekara sha bakwai, ashe da saura. Na gaya wa matar Direba, ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Na sa Tela ya yanka 'yan riguna guda uku, farare, tunda ba mu san me za a samu ba.

Yanzu faɗan. Yarinya, kin sa na je na yi abin kunya a mahauta a banza. Mace mai ciki ta ce ba ta son abinci, ta ci ƙwai ɗaya ta yi amai, ta ji ƙanshin burodi ta kau da kai, wannan tun kafin a haifi likitanki muke ce masa laulayi. Uwarki da cikinki ko ƙanshin nama ba ta so, sai na yi wanka a waje nake shiga gaishe ta. Ina Ɗan Aike a nan? Ashe ɗan mutum ne.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne lissafin watanni. Aiki wata bakwai, ciki wata bakwai. Wato sun kwantar da ke sun sa wuƙa ba su san da mutum a ciki ba. Ni da ban yi boko ba, in aka kawo mini saniya, hannu ɗaya nake sawa a kwiɓinta in ce a mayar da ita. Waɗannan ne zan miƙa wa ɗana?

Na kira Direba na ce masa a'a. Bai yi musu ba. Ya ce to Baba, ya ɗauki hularsa ya fita yana ɗingishi.

Kawunki

Ƙari daga Tela: Hajiya, na ce masa a sake tambayarki kafin a yanka yadi, ya ce wa ya taɓa jin tumbi yana da wata. Ni dai abin da aka rubuta na karanta.

*

'Yata,

Gaisuwa. Mako uku ba amsa. In fushi kike yi da faɗan, na rage rabi. In jikin ne ya yi nauyi, maigidanki ai ya iya rubutu.

Masu mota sun sauke Direba daga doguwar hanya, yanzu a gareji yake wuni yana duba tayoyin wasu. Ƙafar ana wanke ta duk bayan kwana biyu, ba ta rufe ba. Ya ce tunda ba za a yi aikin ba zai rage ci da kansa. Kwana goma ya yi a kan ganye da dafaffen kifi. Rana ta sha ɗaya matarsa ta same shi a bayan gareji da burodi biyu, yana ci yana kuka. Mutum mai shekara arba'in da bakwai.

Saura kwana goma sha biyu ranar likita.

Kawunki

*

Kawu,

Innalillahi! Kawu, me ka ja mini? Wasiƙunka biyu tare na same su jiya, suna gidan burodi, ni kuma an tura ni sabon reshe mako uku. Kafin in buɗe su ma, matar Direba ta riga ta kira maigidan ta yi masa barka. Bawan Allah ya dawo gida ya zauna a bakin gado yana kallona, ya ce, “Ni ne na ƙarshen sani?” Autana kuwa ya ce shi ba zai raba ɗaki da kowa ba.

Ba ni da ciki! Tumbin nake nufi. Mu da aka yi wa aikin haka muke tambayar juna in mun haɗu, cikinki wata nawa, sai a ce shida, a ce goma. Bakina ya saba, ban yi tunanin yadda zai faɗo a kunnen Tela ba. Kuma kafin su taɓa mace sai sun gwada, sau biyu aka gwada ni. Laifina ne, ka yafe.

Motsin da na ce, yunwa ce. Ɗan Aikenka ne ya dawo. Ina tsaye wajen ƙarfe goma sai na ji ɗan ƙugi a ƙasan ƙirji, abin da rabona da shi wata bakwai. Na tsorata, na ce shi ke nan, an kunna injin. Sai na ci rabin ƙwai da yankan burodi, ya yi shiru. Shiru, Kawu! Da can ba ya shiru. Abin da ya sa ni ƙwalla ke nan. Ma'aikaciyar jinya ta ce haka ake yi, jiki yana laluben hanya, yunwa takan dawo amma da ladabi. Ta ce daga nan ne aikin mutum yake farawa, don akwai waɗanda suka saki jiki ƙibar ta dawo.

Ka ga ba irin ta Kaka da Inna ba ce. Tasu ta tafi ba ta waiwayo ba. Tawa ta dawo, ta yi sallama.

Abin da ya faru da taubashina a bayan gareji, ni sau nawa na yi shi, a banɗaki ma. Na tambaya, aka ce in mai jiki ya matse bakinsa, Ɗan Aike ƙaruwa yake yi a jini, masu cewa ya isa kuma su yi sanyi. Wato ranar goma ta fi ranar farko wuya, ta ashirin ta fi ta goma. Ba wai ba ya jin maganarka ba ne. Akwai wanda ya fi ka kusa da kunnensa.

Ba zan ce maka ka ce to ba, ɗanka ne, kuma wuƙa wuƙa ce. Amma ka taɓa tambayarsa yadda yake ji? Ni ba wanda ya taɓa tambayata.

Rigunan a ajiye wa jikan Tela.

'Yarka marar ciki

*

'Yata,

Ina gaishe ki, ina ba maigidanki haƙuri. Tela ya yi dariya har ya ɗinke aljihun wani. Na ce masa shi ya karanta, ya ce ni na fassara. Mun bar ta a nan. Matar Direba ta bi gida-gida tana kwance guɗarta. Amma ki sani, wanda ya ba tumbi da juna biyu suna ɗaya shi ne mai laifi, ba ni ba.

Na yi abin da kika ce. Yau da la'asar na je gareji, na same shi a inuwar wata babbar mota, ya ɗora ƙafar a kan tsohuwar taya. Na zauna. Na ce, “Kai, in ka tashi da safe, yaushe kake fara tunanin abinci?”

Ya dube ni ya ga ko faɗa ne. Ya ce, “Baba, ka tambaye ni yaushe nake dainawa.”

Na ce tun yaushe. Ya ce tun yana bina mahauta. Ya ce, “Ka tuna ranar hanta?”

Na tuna, ni da ba na mantuwa. Yana shekara tara ya ɗauki hantar da aka soya wa baƙi, bayan ya ci nasa ya ci na ƙanwarsa. Na ɗaure shi a turken awaki na zane shi, na ce a gaban mutane ban haifi rumbu ba. Sunan ya bi shi har makaranta. Ya ce ranar yana shan dukan yana tunanin sauran hantar da ke faranti, ya ce daga nan ya yanke wa kansa cewa shi lalatacce ne. Yana faɗa yana murmushi. Ni ban yi ba.

Na ce masa ashe wani ne ke aikensa. Na ba shi labarin Ɗan Aike da na 'yan hanji, yadda na gane shi. Ya ce likita ya gaya masa duk wannan tun farko. Na ce to me ya hana ka gaya mini? Ya ce, “Ta kunnen dama na zauna.” Duk ku ɗaya ne, ke da taubashinki.

Har yanzu akwai abin da bai kwanta mini ba, na sa Tela ya jera a wata takarda. Da me suke ɗinkin, tunda tumbi ba ya riƙe zare. Cikin mutum ɗari nawa ne ba sa tashi. Za su taɓa shi ƙafar ba ta rufe ba, ko sai ta rufe. Sannan ɓangaren da suka yanke, ina suke kai shi, don in za su ba ni ina so in gani da idona. Kin ce ba ya ganuwa. Ke ba ki yi shekara hamsin kina dubawa ba.

Gobe ce ranar. Da safe zan riga shi shiri, in sa farar rigata, in karɓi takardar a hannun Tela, mu shiga motar farko. Zan duba hannun likitan nan da kyau, don mai wuƙa daga yatsunsa ake gane shi. Amma to ɗin, a mota zan ce wa ɗana tun ba mu isa ba, kada likita ya ɗauka shi ya kayar da ni.

Kawunki Mahauci